Watandar Darasi

Don Allah duk wadda ta karanta wanga labari kar ta kai wa Yaya Kamalu cewa ni na rubuta. In ya tambaya ku ce ba ku sani ba. Yanzu haka gabana faɗuwa yake yi, amma abin ya cika mini ciki. In ban fitar da shi ba sai in yi ta dariya ni kaɗai a ɗaki, Inna tana leƙowa tana yi mini tofi.

Sunana Taiba. A Talata Mafara muke, gidan mahauta. Aji huɗu na tsaya a firamare, lokacin da anka rufe makarantu. Da anka buɗe ban koma ba, don wankin tumbi da hanji na gidanmu ya riga ya zama nawa. Ina cikin wannan wankin ne Malama Amatullah ta buɗe ofishinta kusa da tasha, ta sa masa suna Allon Aljihu. Ita take ɗaukar darasin karatu da lissafi da muryarta da hoto, Tasi'u mai kwamfuta ya zuba a memori, mutum ya sa a wayarsa ya koya yana gida ko babu sabis. Matan aure suna saye, mahauta suna saye, har dillalan shanu. Kafin shekara ta zagayo Bakura da Maradun ma suna aikowa.

Ni aikina shi ne kujerar gwaji. Wata kujera ce ta roba, shuɗiya. Duk darasin da Malama ta ɗauka sai na zauna a kai na saurara. In na gane, ya fita. In na ce ban gane ba, ta sake. Ta ce ni ta zaɓa saboda ban yi nisa a karatu ba, in na gane kowa zai gane. Wato rashin sanina shi ne aikina.

To ga abin da ban gaya wa kowa ba. A wata na bakwai, ina zaune a tsakar gida, na kalli buhun shinkafa sai na ji na karanta abin da ke jikinsa. Duka. Na kalli ledar omo, ita ma. Na ce shi ke nan, in Malama ta sani za ta nemo wata wadda ba ta iya ba, ni in koma gaban bahon hanji. Daga ranar na fara ƙarya. Kowane darasi sai na ɓata fuska na ce ban gane ba, sau ɗaya ko biyu, don kujerata ta zauna.

Yaya Kamalu kuwa, Kamaluddeen, ɗan Baffa Ɗan Asabe ne, wan babana. Ya gama sakandare, ya ƙi fawa, ya ce hannunsa na biro ne. A ofis shi ke kai memori garuruwa a mashin. Kowa ya san Malama za ta buɗe ofis na biyu a Bakura, kuma ba ta faɗi wanda zai riƙe shi ba. Yaya Kamalu ya riga ya gaya wa mai shayin bakin tasha cewa shi ne.

Ranar wata Asabar Malama za ta Sakkwato, ƙanwarta ta haihu, kwana goma za ta yi. Ta miƙa masa makulli ta ce, “Kamalu, tunda gidanku ya fi kusa, ka buɗe da safe ka rufe da yamma. Sabon darasin manya guda talatin, Tasi'u ya zuba, kai ka kai. Shi ke nan.”

Yana fita ya ɗaga makullin sama ya ce wa mai shayi, “An naɗa ni.”

Washegari munka iske shi cikin baƙar kwat ta aro, hannun ya rufe masa yatsu, da usur rataye a wuya. Mu uku ne kawai a ofis, ni da shi da Tasi'u, amma sai da ya busa.

Tasi'u ya ce, “Kamalu, kotu za ka?”

“Daga yau Shugaba za ka ce.”

“Shugaban mutum biyu, ɗaya ma ƙanwarka ce.”

“Babban kamfani da mutum biyu yake farawa. Ku tashi, taron tsaye za mu yi. Na gani a waya, manyan shugabanni ba sa bari ma'aikata su zauna, zama ke kawo lalaci.”

Ya tattara kujeru ya jibge a lungu, har da shuɗiyar tawa. Na bi ta da kallo, ƙafafunta a sama.

Ya ce, “Doka ta biyu, canjin aiki. Tasi'u, kai za ka riƙa kai memori. Ni zan hau kwamfuta.”

“Ni ban iya mashin ba.”

“Shi ya sa. Shugaba na ƙwarai yana fitar da ma'aikaci daga inda ya saba.”

“To kai ka iya kwamfutar?”

“Wata nawa ina kallonka? Danne-danne ne.”

Ni kuma ya ce sauraron gwaji ɓata lokaci ne, in tsaya kusa da shi ina sa memori a ambulan.

Memori ɗari da hamsin anka yi oda, hamsin na Mafara, hamsin na Bakura, hamsin na Maradun. Ya zuba na farko, abu ya yi ta jan jiki, har ya sha shayi ya dawo bai gama ba. Ga damina, hadari na tasowa wutar sola ta yi ƙasa. Ya ƙirga da yatsu ya ga sai ya cinye kwana goman nan cif. Ya ce, “Wannan aikin Tasi'u ne, kwana goma. Shugaba kwana uku.”

Ya tsura wa kwamfutar ido. Ita Malama kowane darasi gida uku take ajiye shi, saboda ƙananan wayoyi ba sa ɗaukar babba. Akwai gaisuwa, akwai bayani da tambaya, akwai amsa. Yaya Kamalu ya gani, ya daki tebur.

“Watanda!”

Kun san Baffa Ɗan Asabe da watanda. Jajibirin salla in mutane sunka haɗu sunka sayi sa, shi ake kira ya kasa, kuma tunda nake ban ji wanda ya ce an cuce shi ba. Yaya Kamalu ya ce, “Taiba, kin taɓa ganin Baba ya ba mutum ɗaya sa guda? Kasawa ake yi. Darasi talatin, gari uku. Kowane gari ya samu yanka daga kowane darasi. Ga adalci, ga sauri. Abin da ke cikin jinina ne, Tasi'u ba zai taɓa tunaninsa ba, ubansa tela ne.”

Ya fara ja yana zubawa. Ni ina tsaye a bayansa, idona ya ƙi barin allon kwamfutar. Darasi na ɗaya, gaisuwa. Darasi na biyu, gaisuwa. Na uku, gaisuwa. Har talatin, duka ya tura su cikin na Mafara. Bayani da tambaya ya tara wa Bakura. Amsa zalla ya tara wa Maradun.

In na ce na karanta, kujerata ta tafi. In na yi shiru, sunan Malama ne zai zube.

Na ce, “Yaya, ka bari in saurari ko guda ɗaya mana.”

“Na soke sauraro.”

Na sake cewa, “Yaya, waɗancan layukan kamar duk iri ɗaya ne.”

Ya juyo gaba ɗaya. “Ke ina kinka san iri ɗaya ne?”

“Tsawonsu na gani.”

“Ki ji da ambulan. Tsawo!”

Na koma kan ambulan ɗina.

Na sa rai Tasi'u zai duba ya gani da kansa. Sai ranar Litinin Yaya Kamalu ya tura shi Bakura da kashin farko. Wajen gonakin shinkafa ya ci karo da garken shanu, ya je taka birki ya murɗa wuta, shi da mashin sunka faɗa magudanar ruwa. Allah ya taimaka memorin suna cikin leda a hularsa, wani manomi ya karɓa ya ƙarasa da su. Da la'asar anka sauke shi daga motar albasa, mashin ɗaure a sama, gwiwarsa ta kumbura kamar kabewa.

Yaya Kamalu ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ka ga amfanin canjin aiki. Yau ka koyi sabon abu.”

“Na koyi iyo, Allah ya isa.”

Tasi'u ya kwanta a gida. Na Maradun direban motar kasuwa anka ba. Ranar Talata da hantsi Yaya Kamalu ya gama duka, ya busa usur sau uku ni kaɗai ina wurin, ya fita ya zagaye tasha yana ce wa mutane aikin kwana goma ya yi a uku.

Ranar Alhamis sai ga Baffa Ɗan Asabe da kansa, wuƙa a ƙugu, waya a hannu. Shi ma ya sayi memori, yana so ya riƙa karanta saƙon dillalai ba sai ya nemi wani ba.

Ya ce, “Kai Kamalu, Malamar nan taku lafiyarta lau?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Sau talatin ta gaishe ni. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina kasuwa, yaya ruwa. Duk na amsa. Ta ce yau za mu koyi abu mai daɗi. Na gyara zama, na kori yara. Sai ta sake sallama. Na ce wa alaikumussalam, ai mun gaisa. Ta sake tambayata iyali. Iyalin nan dai su ne na ɗazu!”

“Baba, sabon tsari ne. Da tarbiyya ake farawa.”

“Ni za a koya wa gaisuwa? Kafin a haifi uwarka nake gaida mutane.”

“Ka yi ta maimaitawa, Baba, ilimin yana shiga ta ƙarƙashi.”

Baffa ya kalle shi, ya kalli kwat ɗin, ya tafi yana girgiza kai.

Kafin yamma duk unguwa ta ɗauka. Mai shayi ya jona wayarsa a lasifika, in Malama ta ce ina gajiya, duk masu shan shayi su haɗa baki su ce ba gajiya. Matan maƙwabtanmu ta kan katanga suke kirana, “Taiba, yau za mu koyi abu mai daɗi!” sai su kwashe da dariya. Ni ko abinci ya daina shiga.

Ranar Juma'a wayar ofis ta yi ƙara. Gwaggo Gimbiya ce daga Bakura, shugabar matan da ke turara shinkafa, ita ta haɗa wa mata hamsin ɗin nan oda. Muryarta ko ba a ƙara sauti ba ana ji daga bakin titi.

“Wa ke magana?”

“Shugaba Kamaluddeen.”

“Ɗan mashin ɗin ga? Yaro, ba ni Malama.”

“Gwaggo, ni ne a madadinta.”

“To ka ce mata abin da ta yi babu kyau. Ta ce kaji goma sha biyu, shaho ya ɗauki biyar, saura nawa. Na ce bakwai. Shiru. Na ƙara ɗaga murya, bakwai! Sai ta kama wani zance.”

“Ai kin san amsar, Gwaggo.”

“Na sani mana, kajina ne ba su ƙirguwa? Amma wanda ya yi tambaya ya tsaya ya ji amsa. Tambaya talatin ta zuba muna ta yi tafiyarta. Mata sun rabu biyu a kan tambaya ta sha tara, har an daina aron turmi.”

Yaya Kamalu ya rufe bakin wayar ya ce mini, “Kin ji? Suna muhawara. Ilimi ya kama.” Ya buɗe ya ce, “Gwaggo, ku riƙe tambayoyinku da kyau, amsa tana nan tafe.”

Ranar Asabar sai ga wani dogon mutum da zabo a hammata. Malam Isa ne, dillalin shanu daga Maradun. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ajiye zabon a kan tebur ya ce tukuici ne, ya zo karɓar takardar shaida.

Yaya Kamalu ya ce, “Har ka gama?”

“Tun shekaranjiya. Ina kunnawa ta ce madalla, ka yi daidai. Ni ko baki ban buɗe ba. Na kunna na biyu, madalla, ka yi daidai. Talatin, ban faɗi ko ɗaya ba. Da can malaminmu na firamare cewa yake kaina dutse ne. Ashe baƙin ciki ne.”

Yaya Kamalu ya rungume shi. Zabon ya tsorata ya tashi, ya bi ta kan kwamfuta, ya kifar da kofin shayi, ya fita ta taga. Sunka bi shi su biyu har cikin tasha, kwat na kaɗawa.

Da ya dawo yana haki ya ce, “Taiba, Malama ranar Talata za ta dawo, ranar kasuwa. Zan tara garuruwan nan uku a ƙofar ofis. Bakura ta yi tambaya, Maradun ta ba da amsa, Mafara ta yi gaisuwa. Haɗin kai! Ta sauko mota ta iske nasara tana jiranta.”

Ranar Lahadi na je duba Tasi'u da niyyar in gaya masa komai. Na zauna, na buɗe baki, na ce, “Yaya gwiwa?” Ya ce da sauƙi. Na ce to Allah ya ƙara sauƙi. Na taso. A hanya ina ta zagin kaina.

Talata bayan azahar an kafa rumfa, an jera benci, an aro lasifikar mai shayi. Kasuwa ta cika, mutane kuma in sun ga rumfa ba sa tambayar ta mece ce. Gwaggo Gimbiya ta zo da mata cike da mota. Malam Isa ya zo da abokansa dillalai, ya sha babbar riga. Mahautan Mafara sun zo da Baffa. Har Tasi'u ya dogaro sanda ya zo, ya ce ko a makara ne sai an kawo shi ya ga wannan. Ni anka tsayar da ni gefe da butar ruwa.

Yaya Kamalu ya busa usur a bakin lasifika, yara biyu sunka fashe da kuka. Ya zaro takarda daga aljihu ya yi jawabi mai tsawo a kan shugabanci, yana tsayawa yana kallon mutane, yana tari, yana ci gaba. Sannan ya ce, “Ɗalibin Mafara!”

Baffa ya tashi ba da son ransa ba. Ya karɓi abin magana ya ce, “Salamu alaikum. Ina wuninku. Ina gajiya. Ina iyali. Ina kasuwa. Yaya ruwa.” Jama'a suna amsawa. Ya ce, “Yau za mu koyi abu mai daɗi.” Ya miƙa abin magana ya koma ya zauna.

Wani daga baya ya ce, “Mine ne abun?”

Baffa ya ce, “Nan nawa ya ƙare.”

“Ɗalibar Bakura da ɗalibin Maradun!”

Gwaggo Gimbiya ta gyara mayafi ta fuskanci Malam Isa. “Kai ne mai amsar?”

“Ni ne, Hajiya. Talatin ba kuskure.”

“Kaji goma sha biyu, shaho ya ɗauki biyar. Saura nawa?”

Malam Isa ya gyara riga, ya yi murmushi ya ce, “Madalla, kin yi daidai. Amsar ita ce raƙumi.”

Wurin ya fashe da dariya.

Gwaggo ta ce, “Raƙumi? Shahon ne ya kawo shi?”

“Haka Malama ta faɗa.”

“To buhu huɗu a kan jaki, anka ƙara uku fa?”

“Laraba.”

“Bawan Allah, da wanga kan kake sayar da shanun mutane?”

“Hajiya, ki iya bakinki. Ni Malama ta ce na yi daidai. Ke ta taɓa ce miki kin yi daidai?”

Nan ya taɓa mata inda ke ciwo. “Ba ta ce ba! Kwana takwas ina jira!”

Matan Bakura sunka miƙe. Dillalan Maradun sunka miƙe. Mahauta sunka ce su ma a gaya musu abu mai daɗin nan da aka yi musu alkawari sau talatin. Kowa ya ɗaga waya sama, aka yo kan Yaya Kamalu. Ya busa usur, babu wanda ya ji. Ya ja baya har ya jingina da sandar rumfa, gumi ya jiƙa kwat.

Daidai lokacin na hango Malama. Ta sauko daga mota, jakarta a hannu, tana tsaye bayan benci na ƙarshe. Shi bai gan ta ba.

Ya ƙwace abin magana ya ce, “Jama'a, ku tsaya! Ni aikina na yi, a kwana uku ma. In akwai matsala daga darasin ne. Darasin Malama ne ba ya koyar da komai. Ga shaida!” Ya nuno ni. “Ƙanwata ce. Wata tara tana sauraron darasin nan kullum, ko sunanta ba ta iya karantawa. Taiba, zo nan.”

Na ajiye buta na je. Ya danƙa mini takardar jawabinsa, ya kara mini abin magana a baki.

“Karanta musu. Ku gani da idonku.”

Ya san abin da na saba yi, in sunkuyar da kai in ce ban gane ba. Na ɗago na kalli Malama. Ta ajiye jakarta a ƙasa. Na ji wata mata tana cewa ashe yaudara ce, gara a karɓe wa yara wayoyin. Na tuna bahon hanji. Na kalli takardar.

Na ce, “Jawabin Shugaba Kamaluddeen.”

Yaya Kamalu ya ce, “Ta ji na faɗa ne ɗazu.”

Na ci gaba. “Nan zan gyara kwat. Nan zan jira tafi. In ba su tafa ba in yi tari in sake jira.”

Dariya ta tashi. Ya kawo hannu zai fizge, Baffa ya damƙo shi ta wuyan kwat ya ce, “Bari ɗiya ta ida.”

“Nan zan kalli sama kamar ina tunani. In Malama ta yaba, in ce ofishin Bakura ina son kujera mai juyawa da labule.” Na juya bayan takardar. “Sirrin nasarata, watandar darasi. Gaisuwa duka ga Mafara. Tambaya duka ga Bakura. Amsa duka ga Maradun. Kar a gaya wa Tasi'u.”

Tasi'u ya zame daga benci yana riƙe da gwiwa, yana dariya yana kuka.

Baffa bai yi dariya ba. Ya juyo da Yaya Kamalu suna fuskantar juna. “Watanda ka ce?”

“Baba, a wurinka na koya.”

“A wurina? Yaushe ka ga na tara wa mutum ɗaya kai talatin, na ba wani wutsiya talatin? Karatun mutane da ka ɓata, wannan tsakaninka da Malama ne. Amma ka tsaya gaban mahautan garin ga ka kira wanga abu watanda da sunana?”

Wani tsohon mahauci ya ce, “Ɗan Asabe, gara da ya ƙi fawa.”

Gwaggo Gimbiya ta ce a kawo wayoyi. Anka jera uku a bakin lasifika. Ta Baffa ta yi gaisuwa, ta Gwaggo ta yi bayanin kaji ta yi tambaya, anka lalubo a ta Malam Isa, muryar Malama ta ce, “Madalla, kin yi daidai, ka yi daidai. Amsar ita ce bakwai.”

Gwaggo ta ɗaga hannu biyu ta rangaɗa guɗa. “Bakwai! Na gaya muku!”

Malam Isa ya ce, “To takardar shaidata fa?”

Ta ce, “Je ka karɓa wurin raƙumi.”

Malama ta ratso mutane ta karɓi abin magana. Ta ba kowa haƙuri, ta ce a tara memori a ba ta kwana goma, kowa zai samu darasinsa cikakke. Ta miƙa hannu, Yaya Kamalu ya sa mata makulli. Ba ta janye hannun ba. Ya cire usur ya ɗora. Ni ko kallona ba ta yi ba, kuma wannan ya fi tsorata ni.

Washegari da safe na zo ofis kamar wadda za a yi wa allura. An sauke kujeru, shuɗiyar tana wurinta. Ban zauna ba.

Malama ta ce, “Tun yaushe?”

“Wata biyu, Malama.”

“Wato duk ban gane ba ɗin nan?”

“Ƙarya ce, Malama.” Hawaye sunka zubo.

“Sau huɗu na sake ɗaukar darasi na sha tara saboda ke, har muryata ta dushe.”

“Ki yafe mini. Tsoro nake ki kore ni.”

Ta ce, “Kujerar gwaji kam kin tashi daga kanta, ba ta da amfani da ke yanzu.”

Na juya zan ɗauki mayafina. Ta ce, “Ina za ki? Tasi'u zai koma riƙe ofishin Bakura, a mota. Kafin ya tafi zai koya miki kwamfuta. Daga yau babu memorin da zai fita sai kin karanta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Kuma in kinka ga ɓarna ki buɗe baki a ranar, ba sai an kafa rumfa ba.”

Na yi ta ɗaga kai.

Yaya Kamalu yana raɓe a bakin ƙofa, babu kwat, mai ita ya karɓe. Ya ce, “Malama, ni fa?”

Ta nuna masa shuɗiyar kujera. “Zauna. In kai ka gane, kowa zai gane.”

Kafin azahar ya je ya gaya wa mai shayi an ƙara masa girma, yanzu ko Malama ba ta isa ta fitar da darasi ba sai ya sa baki.

Jiya anka gwada masa sabon darasi, sau uku yana cewa bai gane ba. Na leƙo ta bayan kwamfuta na duba fuskarsa da kyau, don duk garin nan babu wanda ya kai ni sanin fuskar mai ƙarya a kujerar nan. Shi da gaske yake.